Najwa da Hannun Baba Barka

Akwai wani mutum a garin Sabha mai suna Mijinyawa, wanda bai taɓa yin kuskure ba, in dai shi ka tambaya.

Asalinsa ɗan Agadez ne, amma ya daɗe a Libiya har ya iya faɗa da Larabci, wanda shi ne matakin ƙarshe na iya harshe. Yana da shagon kayan gyaran mota a unguwar Mahdiya. Bai je Makka ba tukuna, sai dai bai taɓa hana kowa kiransa Alhaji ba.

Yana kuma da abin da ya fi shagon daraja a idon baƙi, wato iƙama, takardar zama wadda ba ta mutu ba. Duk abin da 'yan'uwa ke son yi mai buƙatar sa hannu, sai a nemo Mijinyawa. Ba ya ƙi. Ba ya kuma mantawa.

Da iyaye baƙi suka ga ƙananan yaransu na yini a lungu suna cin rairayi, sai suka haɗa kai suka buɗe rawda, makarantar yara kafin firamare. Ɗaki biyu ne da tsakar gida da wata bishiyar dabino da ba ta taɓa yin 'ya'ya ba. Mai gidan ɗan ƙasa ne, ya ce ba ya ba da haya sai ga mai takarda. Da sunan Mijinyawa aka karɓi gidan.

Malamar rawdar sunanta Sadiƙa, 'yar Damagaram, wadda ta taɓa koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kafin ta biyo mijinta Libiya. Yara da iyayensu na ce mata Abla, yadda ake kiran malama a can.

Wata safiya wata mata mai suna Ramlatou ta shigo riƙe da hannun yarinya 'yar kimanin shekara biyar. Yarinyar ba ta ɓoye a bayan zane ba. Tsayawa ta yi tana kallon komai kamar wadda ta zo duba gidan da za ta saya.

"Abla, ɗiyata na kawo. Najwa sunanta. Amma ba ta ji."

"Ko kaɗan?"

"In babbar mota ta wuce tana jin ta a ƙafa. Tun tana goye zazzaɓi ya tafi da kunnuwan."

"Babanta fa?"

"Aboubacar direba ne, yana hanyar Agadez. Ya fi daɗewa a mota bisa ga gida."

"To ina take yini?"

"Tare da ni, a gidan da nake aiki a unguwar Sukra. Ina wanki, tana zaune kusa da injin. Uwar gidan ta ce yarinya ce mai tarbiyya, ba ta da surutu."

Ramlatou ta faɗi wannan ba tare da ta yi murmushi ba.

Abla Sadiƙa ta ce, "Gaskiya zan faɗa maki, Maman Najwa. Ban taɓa koyar da yaron da ba ya ji ba. Ban iya ba."

"Ni ma ranar da abin ya same ta ban iya ba, Abla. Ba wanda ya tambaye ni."

Sadiƙa ta dubi yarinyar, yarinyar ta dube ta.

"Bahi," in ji ta, wato to shi ke nan. "Kawo ta gobe. Ta zo da ruwanta."

Kwanakin farko ba su yi daɗi ba, kuma babu amfanin a yi ƙarya. Abla ta tafa hannu a shiga aji, kowa ya shiga, aka bar Najwa ita kaɗai a tsakar gida tana haƙa rami. Abla ta juya ga allo tana bayani, Najwa na kallon bayan mayafinta. Wani yaro ya kama ta daga baya don wasa, ta firgita ta gantsara masa cizo a hannu.

Da wata malamar ce, da nan ta tsaya ta ce ta gwada. Sadiƙa kuwa zama ta yi ta duba abin da kyau, sai ta ga yawancin laifin ba na yarinyar ba ne, na tsarin ajin ne.

Ta kwashe layukan zama, ta shimfiɗa tabarmi aka yi da'ira, kowa na ganin fuskar kowa. Ta daina magana tana fuskantar allo. Ta koya wa yara cewa mai son Najwa ya zo mata ta gaba. Ta yi tunanin kashe fitila da kunnawa ya zama alamar shiga aji, sai ta tuna wutar Sabha tana da nata tsarin da ba ta shawara da kowa. Ta koma ga ɗaga wani koren ɗankwali. In za a yi waƙa, sai a kifa jarka a tsakiya ana bugawa, Najwa ta ɗora tafin hannu tana jin kiɗan.

Najwa kuma ba hannu banza ta zo ba. Ta zo da alamu na hannu da suke magana da su a gida: ruwa, zo, tsaya, zauna, ya isa. Kowace safiya Abla kan tsayar da Ramlatou a bakin ƙofa ta koyi ɗaya ko biyu. Yaran kuwa ba su jira darasi ba, sun riga malamarsu iyawa.

Dalili a fili yake. A ajin akwai mai Hausa, akwai mai Zabarmanci, akwai mai Tubanci, akwai wanda Larabci kawai ya tashi da shi. Maganar hannu ce harshe na farko da kowa ya fara tare da kowa.

Wadda ta fi manne wa Najwa ita ce Hawa, ɗiyar Mijinyawa. Hawa yarinya ce da in ta farka bakinta ke fara tashi. A karo na farko a rayuwarta ta samu ƙawar da ba ta taɓa ce mata ta yi shiru ba.

Wata rana ana cin abincin rana a gidan Mijinyawa, Hawa ta dubi mahaifiyarta Ɗijatu, ta dunƙule hannu ta karkata babban yatsa zuwa baki.

Mijinyawa ya ajiye cokali. "Mi ke nan?"

"Ruwa, Baba."

"Bakinki ya lalace ne?"

"A'a. Cike yake."

Ɗijatu, wadda cikinta ya tsufa, ta ce a hankali, "Dama ina son in yi maka maganar. Maƙwabta na cewa wanda ke kwaikwayon kurma ba ya gamawa lafiya. Sun ce kuma ba a son mai ciki ta riƙa ganin irin wannan."

"Ni ban yarda da camfi ba," in ji Mijinyawa. "Amma abin da mutane da yawa suka faɗa ba a wasa da shi."

Da yamma ya kai maganar ƙofar shagonsa, inda iyaye maza ke taruwa shan shayi. Kafin a kai ga kofi na uku yawancinsu sun yarda da shi. Wasu don sun gamsu. Wasu don takardunsu na buƙatar sa hannu.

Washegari ya tafi rawda da babbar riga.

"Abla, mun kawo yaran nan su koyi Larabci su samu shiga makaranta. Ɗiyata ta shigo da baki, tana neman fita da hannu."

"Alhaji, Hawa ta fi kowa surutu a ajin nan. Da hannun ya rage mata magana, da ni zan fara sani, kuma da na gode masa."

"Matata na da ciki."

"Allah Ya raba lafiya. Rashin ji ba mura ba ne, Alhaji. Ba a ɗaukarsa."

"Akwai wuraren da aka yi don irinsu."

"A ina? Faɗa mani in kai ta da ƙafata. Ɗiyar baƙo ce, uwarta wankau take yi. Wace ƙofa ce za ta buɗe mata in wannan ta rufe?"

Mijinyawa ya ɗaga murya.

"Ni dai na faɗa. Ko ita, ko sunana a takardar gidan nan. Ki zaɓa."

"Ba na korar yaro," in ji Sadiƙa. "In rufewa za a yi, a zo a rufe ina ciki."

Da gaske take. Amma labari a Mahdiya ba ya buƙatar mota. Kafin azahar ya kai Sukra, ya samu Ramlatou tana shanya. Da aka tashi ta zo ta ɗauki jakar Najwa da gorar ruwanta.

"Maman Najwa, ban ce ki ɗauke ta ba."

"Na sani, Abla. Amma yaran nan da yawa ne. Ba zan sa a mayar da su lungu saboda tawa guda ba."

"Mi za ki ce mata?"

"Ban sani ba. Ba mu da alamar wannan."

Haka kuwa aka yi, ba a gaya mata komai ba. Kowace safiya Najwa kan rataya jakarta, in sun kai mararraba ta ja hannun uwarta zuwa titin rawda, uwar ta ja ta zuwa Sukra. Wata rana ta zauna dirshan a ƙasa. Wata rana ta yi alamar zo, ta nuna titin, ta sake yi, ko uwar ce ba ta gane ba. Daga baya ta daina ja. Ta koma zama kusa da injin wanki, jakar na bayanta.

Mijinyawa kuwa ya kafa doka a gidansa: duk wanda Allah Ya ba baki ya yi magana da baki.

A nan ya kamata ku san akwai wani mutum a gidan da ba mu ambata ba, domin mutanen gidan ma ba su cika ambatonsa ba. Shi ne Baba Barka, mahaifin Mijinyawa.

Baba Barka tsohon direban sahara ne, cikin waɗanda suka bi ayarin manyan motoci tun babu waya. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tafi da hannun dama da ƙafar dama da magana. Aka ba shi ɗaki mai kyau a ƙuryar gida. Ana wanke shi, ana ciyar da shi, ana ba shi magani a kan kari. Babu mai cewa ba a kula da shi. Magana da shi ce kawai ba a yi.

Kowace safiya Mijinyawa kan tsaya a bakin ƙofar da makullin shago a hannu ya ce, "Baba, ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi." Tsohon ya ɗaga hannun hagu ya yi ta motsa shi. Mijinyawa ya girgiza kai cikin tausayi ya wuce. A gidan an san wannan motsi da sunan rawar hannu, har an sayo mata magani.

Da aka hana Hawa maganar hannu, sai ta nemi wurin da babu mai gani. Ta samu ɗakin Kaka. Can take kai 'yar tsanarta ta zaunar da ita, ta yi mata ruwa, ta yi mata tsaya, ta yi mata ya isa. Tsohon na kwance yana kallo.

Wata safiya Mijinyawa ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Hawa na ciki, ta yi maza ta ɓoye hannuwa a baya.

"Baba, ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi."

Tsohon ya ɗaga hannu. Ya kifa tafin yana danna iska zuwa ƙasa, sannan ya haɗa yatsu ya kai su leɓe.

Mijinyawa ya waiwaya ya ce, "Ɗijatu, rawar nan ta ƙaru. A ƙara masa rabin ƙwaya."

"Ba rawa ba ce," in ji Hawa.

"Mi kika ce?"

"Cewa yake ka zauna a sha shayi. Kullum haka yake ce maka."

"Wa ya gaya maki?"

"Haka Najwa ke yi. Wannan zauna, wannan shayi. Jiya ma na ce masa ruwa, ya ce ya isa."

Mijinyawa mutum ne da ba ya karɓar magana sai da hujja, musamman in ba daga bakinsa ta fito ba. Ya matsa kusa da gadon.

"Baba, in abin da yarinyar nan ta faɗa haka ne, rufe ido."

Tsohon ya rufe ido. Ya daɗe bai buɗe ba, kamar mutumin da ya gaji da jira.

Wannan tambaya ana iya yin ta tun bara. Ba wanda ya yi.

Mijinyawa ya ajiye makullin shago a kan tabarma ya zauna. Ɗijatu ta kawo gawayi da buta. Aka dafa shayi mai kumfa, tsohon ya sha kaɗan, sauran ya bi gemu. Ranar shagon bai buɗe ba sai da rana ta take, abin da ya sa wasu suka zo tambaya ko rasuwa aka yi.

Da aka gama, Baba Barka ya nuna ɗansa. Ya ɗora yatsa a kan bargo ya ja shi a miƙe, ya karkata shi gefe, ya nutsa shi cikin bargon. Ya sake nuna ɗan.

"Wannan fa?" in ji Mijinyawa.

Hawa ta duba da kyau. "Wannan ban kai wurin ba. Najwa ce ta sani."

Ranar Juma'a da safe Mijinyawa ya nemi ɗakin Ramlatou a unguwar Jadid. Ya same ta tana wanke kwanuka a ƙofa, Najwa na gefe tana zane a ƙasa da tsinke. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi in ana gudun shiga magana.

Daga ƙarshe ya ce, "Alamun nan na ɗiyarki, ina ta samo su?"

"Wurin babanta. Da muka gane ba ta ji, ya rasa yadda zai yi da ita. Sai ya fara da abin da ya iya, alamun da direbobinsu ke yi wa juna ta taga in ƙarar inji ta hana a ji murya. Wurin manyan da ya yi wa yaron mota ya koya. Sauran mu muka ƙara a ɗaki."

Abin da Mijinyawa ya kira kwaikwayon kurma a gaban jama'a, ashe harshen sana'ar da aka ciyar da shi ne. Shi tun tasowarsa a bayan kantar shago ya zauna, bai taɓa bin ayari ba.

Ya ba ta labarin mahaifinsa a taƙaice. Sannan ya gyara murya.

"Shi ne na ce ko za ki riƙa kawo ta gidana da yamma, ta riƙa gaya mana abin da tsohon ke cewa. Ba zan bar ku haka ba."

Ramlatou ta ci gaba da wanke tukunyar da ke hannunta.

"Gidanka, Alhaji? Inda matarka mai ciki take?"

Ta ɗauraye tukunyar ta ci gaba.

"A rawda tana da haɗari, a gidanka ba ta da shi. Abin ya warke ke nan da wuri."

"Ai ba ni na kore ta ba. Ke kika janye ta."

"Na'am. Ka sa ƙofar yara duka a wuyana, na janye ta."

"To aƙalla akwai alama guda da yake yi mani kullum. Ita nake son in sani."

"Yi mani ita in gani."

Mijinyawa ya dubi hannuwansa. Ya dubi lungun, inda mata biyu suka rage saurin sharar da suke yi. Hannuwan suka shige aljihu.

Ramlatou ta kife tukunyar ta miƙe.

"Allah Ya ba Baba lafiya, wallahi na tausaya masa. Amma ɗiyata ba tafinta ba ce, Alhaji. 'Yar lakwal ce da aka hana lakwal. In za ta koma, ta koma don nan ne wurinta, ba don ta yi maka amfani ba. Kuma a gaban mutanen da ka faɗi ta farko, nan za ka faɗi ta biyu. Bayan haka in ta ga dama ta gaida Baba, kamar yadda kowane yaro ke gaida tsoho."

Mijinyawa ya koma gida ransa a ɓace. Ya gaya wa Ɗijatu cewa matan yanzu ba su san girman mutane ba. Ɗijatu ta ce haka ne, sannan ta tambayi Hawa yadda ake cewa ya isa.

Kwanaki suka wuce. Kowace safiya yana zama ya sha shayi da mahaifinsa. Kowace safiya kuma tsohon na jan yatsa a kan bargo, ya karkata, ya nutsa, ya nuna shi. Baba Barka bai da wurin zuwa, don haka bai gaji ba.

Wata yamma da iyaye maza suka cika ƙofar shago, Mijinyawa ya yi gyaran murya.

"Maganar yarinyar nan ta rawda. An samu rashin fahimta."

Mamadou mai walda, wanda shi kaɗai ne a wurin ba ya jiran sa hannun kowa, ya ce, "Wa ya samu, Alhaji?"

"An dai samu."

"A ina aka same ta? Mu ma mu je mu duba ko ta rage."

Aka kwashe da dariya. Mijinyawa ya jira ta lafa.

"Ni na samu," in ji shi. "Na ce a fitar da yarinya ba ta yi laifin komai ba. Ba daidai na yi ba. Gobe za ta koma, sunana kuma yana nan a takardar gidan. Wanda ya bi bayana wancan karon, ya biyo ni wannan ma."

Mamadou ya zuba shayi ya miƙa masa da hannu biyu.

"Sha, Alhaji. Yau ka ci sunan, ko ba ka je Makka ba."

Washegari da safe Ramlatou da Najwa suka kai mararraba. Najwa ta juya zuwa Sukra da kanta, kamar yadda ta saba. Uwar ta taɓa kafaɗarta, ta nuna titin rawda, ta yi alamar zo.

Yarinyar ta dubi fuskarta ta tabbatar ba wasa ba ne. Sai ta saki hannun ta ruga, jakar na dukan bayanta.

A ƙofar rawda akwai motar Mijinyawa. An fito da Baba Barka an zaunar da shi a kujera a inuwar katanga, da rawaninsa. Shi ya nace a kawo shi, ta bakin Hawa.

Najwa ta tsaya a gabansa tana haki. Ya ɗaga hannu ya yi mata alamar zo. Ta ware ido. Ba ta taɓa ganin wani babba ban da iyayenta da Abla ya fara yi mata magana ba. Ta mayar masa da alamu uku a jere, da saurin da ya sa tsohon ya yi mata alamar rage gudu. Rabin fuskarsa mai motsi ya yi dariya.

Sannan ya nuna ɗansa, ya ja yatsa a kan cinya, ya karkata, ya nutsa.

Najwa ta dubi Mijinyawa ta tuntsire da dariya. Ramlatou ta ja mayafi ta rufe baki.

"To, Maman Najwa," in ji Mijinyawa, "yanzu kya faɗa mani?"

"Babanta na yi mata ita in ta ƙi jin magana. Ta direban da aka ce ya bi sawun ayari ne, ya ce shi ya fi kowa sanin hanya, ya ratse ya kafe a rairayi."

Mijinyawa ya dubi mahaifinsa. "Duk wannan zuwa da dawowa, Baba, abin da kake ce mani ke nan?"

Tsohon ya rufe ido.

Ita Najwa ta riga ta gama da manya. Ta shige aji, ta tarar wani sabon yaro mai suna Haroun zaune kusa da Hawa. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta kama wuyan rigarsa ta janye shi gefe ta zauna. Haroun ya ɓare baki.

Abla Sadiƙa ta zo ta durƙusa a gabanta, fuska a murtuke. Ta nuna Haroun, ta girgiza yatsa, ta nuna mata gefen bango inda mai laifi ke zama har ya huce. Najwa ta tura baki. Abla ta sake nunawa. Najwa ta tashi ta tafi tana buga ƙafa.

Mijinyawa, wanda sabon tausayi ke ɗiba, ya leƙa ta taga.

"Haba Abla, a yi mata haƙuri mana. Yau fa ta dawo, kuma ga lalurarta."

"A'a, Alhaji," in ji Ramlatou. "A bar ta."

Ya juyo ya ga idonta ya cika, amma kanta a ɗage yake.

"Tun da abin ya same ta, mutane iri biyu na sani. Masu cewa wayyo, da masu kaucewa. Ban taɓa ganin wanda ya yi mata faɗa a kan laifinta ba sai yau." Ta share ido da gefen mayafi. "Ta ja yaron mutane, ta zauna a bango kamar kowa."

Ta gyara jakarta ta kama hanyar Sukra. Ta makara a wurin aiki, kuma ba ta ƙara sauri ba.

Darasi: Yaron da ba ya ji, ko ba ya gani, ko yake koyo a hankali, ba sai ya amfani wani ba kafin a ba shi wuri a aji. Ko da babu wani Baba Barka a ƙuryar gida, wurin Najwa nata ne tun ranar farko. Sau da yawa ba yaron ne ke buƙatar gyara ba, tsarin zamanmu ne, kuma gyaran bai wuce a juyo a fuskance shi ba. In kana da irin wannan yaro kada ka ɓoye shi, in kana da aji kada ka rufe masa ƙofa. Ku tura wannan labari ga iyaye da malaman ƙananan yara, har da wanda kuka san bai taɓa yin kuskure ba.